Shekarar da Na Sauke Motar Baffanku

Bilkisu ce ta kawo mini maganar bayan ta dawo daga wani suna a gidan Baffanku Sule a Kano. Ta ce a tsakar gida, cikin mata, wata ta nuna ta da baki ta ce ai 'yar wanda ya sauke mota ce, har Inna ta cika a hanya. Bilkisu ba ta san abin da ake nufi da sauke mota ba. Lokacin da abin ya faru tana makarantar kwana, ku sauran kuma wasu suna ƙanana, wasu ba sa gari. Da ta tambaye ni na ce ta bari zan rubuta muku gaba ɗaya. Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo, kuma abin da aka fara koya mana shi ne mutum ya faɗi abin da ya tabbata, ya faɗi wanda ya ce, abin da bai sani ba kuma ya ce bai sani ba. Haka zan yi a nan. Gaskiya ne na sauke motar. Gaskiya ne kakarku ta rasu a hanya. Abin da ke tsakanin waɗannan maganganu biyu shi ne ba a faɗa muku ba.

Da na yi ritaya na dawo Birnin Kudu, sai na sayi motar a-kori-kura ta hannu da kuɗin sallamar da aka ba ni. Ban saye ta don kaina ba. Sule ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya daɗe yana tuƙa bas ɗin wani tsakanin Gwaram da Kano, kullum cikin rigima kan abin da ya kawo da yamma. Muka yi magana a gaban Inna: mota tawa, aiki nasa, abin da aka samu a cire na gyara a raba saura. Ya riƙa ɗaukar gero da dawa da riɗi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Gwaram, wani lokaci har Basirka, ya dawo da taki ko kwanon rufi. Sule direba ne na gaske. Bai taɓa buga motar nan da ko kaza ba, kuma ina so ku riƙe wannan tun daga farko.

Inna kuwa tana zaune a ƙauyenmu da ke bayan Zandam, a ɗakin da mahaifinmu ya bar ta. Tsakanin ƙauyen da hanyar mota akwai rafi, babu gada. Da rani yashi ne zalla. Da damina, in an yi ruwa a sama, sai ya kawo ya cika gaɓa da gaɓa. Motar yadda kamfani ya ƙera ta tana wuce shi in ruwa bai kai gwiwa ba. In ya wuce haka, ko dai cikinta ya dafe a gangaren gaɓa, ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba. A daminar farko sau da yawa Sule ya ajiye ta a wannan gefen ya tsallaka da ƙafa, da buhun Inna a ka, kuma abin ya tsaya masa a rai. Bayan kaka ya tafi Kano da sunan canza taya, ya yi 'yan kwanaki, ya dawo da motar da ban gane ba. Ta yi tsawo har sai mutum ya kama ƙofa kafin ya hau.

Na ce, "Sule, wannan motar wa ce?"

Ya ce, "Taka ce mana, Yaya. Girma ta yi."

"Mota ba ta girma. Me ka yi mata?"

"Durƙusa ka leƙa. Wallahi da kana aiki har yanzu, da ita za ka buɗe labarai."

Zan bayyana muku abin da na gani, domin duk maganar a kansa take. Kowace ƙafar gaba ta irin wannan mota hannaye biyu ne na ƙarfe suke riƙe da ita, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Kowane hannu yana manne da jikin mota ta wurin wasu robobi da ake kira bushin, a bakinsa kuma akwai dunƙulen ƙarfe mai juyawa cikin kwarminsa kamar kafaɗar mutum, wanda makanikai suke kira boljoyin. Abin da ya ɗaga motar shi ne dogayen shokazoba da sifirin da aka sa mata. To amma in an ɗaga mota aka bar mata hannun sama na kamfani, sai ya karkace, dunƙulen ya ƙure, hannun ya riƙa dukan sifirin. Shi ya sa ake cire shi a sa wani wanda ba na kamfani ba, wanda aka ƙera domin motar da aka ɗaga. Irinsu ne Sule ya nuna mini, ɗaya dama ɗaya hagu, jajaye, masu kauri, suna ƙyalli a ƙarƙashin mota kamar kayan ɗakin amarya. Ya ce mai shagon ya rantse masa sun fi motar kanta daɗewa. A kan ƙarfen mutumin bai yi ƙarya ba, har yau bai lanƙwashe ba. Abin da ke bakin ƙarfen ne ba a yi maganarsa ba. Ban hana ba, kuma ban ga dalilin hanawa ba a ranar. Tsofaffin hannayen na kamfani Sule ya watso su a bayan mota, mahaifiyarku ta ɗauke su ta tokare ƙofar garken awakinta da su.

Daminar da ta biyo baya ita ce mafi daɗi a rayuwar Baffanku, kuma ina jin shi ma zai faɗi haka. Mutanen ƙauyukan ƙetare suka sa wa motar suna Raƙumi. Akwai wata kanya a bakin rafin, Sule ya sare ta da adda ya yi alama a jikinta, ya ce muddin ruwa bai taɓa wannan alamar ba, Raƙumi zai wuce. Kuma yana wucewa. Da yake ita kaɗai ce motar da take iya tsallakawa, sai ta zama ta kowa. Mace ta kwana biyu tana naƙuda, a kira Sule. Maciji ya sari manomi, a kira Sule. Wani ya rasu a asibitin Birnin Kudu ana so a kai shi gida a binne kusa da iyayensa, a kira Sule. Kun san al'adar wajenmu: ba a karɓar kuɗin ɗaukar mara lafiya, ba a karɓar na gawa, ko na mai ba a ambata. Wanda ya karɓa ya gama zama da mutane. Wani ya kawo kaza, wani kwanon gyaɗa, mafi yawa addu'a. Inna, wadda a da sai a yi mako ba a leƙa ɗakinta ba, ta wayi gari mata suna layi suna gaishe ta, suna cewa Allah ya yi wa mai Raƙumi albarka. Na taɓa jin ta tana ce wa wata maƙwabciyarta:

"Babban ya yi ta magana a akwati shekara da shekaru ban ga abin da ta tsinana mini ba. Ƙaramin ne ya kawo mini mota har ƙofar ɗaki."

Dariya muka yi duka, har da ni.

Akwai kuma wata hanyar godiya da mutanen ƙetare suke da ita, kuma ita ce ta fara cin motar. Da yake ba su da abin biya, sai su biya da wanki. In an dawo daga kai gawa ko mara lafiya, dangi su tsayar da motar a cikin rafin, su zo da garin sabulu da tsumma da yashi, su wanke ta ciki da bai, har ƙarƙashi. Inda suka fi ba da ƙarfi kuwa shi ne jajayen hannayen nan, domin su ne abin kallo. Baƙin giris da ke bakinsu a ganinsu datti ne, sai sun dirje shi tas sun ga ƙarfe yana ƙyalli hankalinsu yake kwanciya. To boljoyin na kamfani a rufe yake cikin hular roba, da giris ɗinsa tun daga inda aka ƙera shi, ba ruwansa da kowa har ya tsufa. Na jajayen nan a buɗe yake, ba hula, kuma bushin ɗinsu roba ce mai tauri wadda sai an riƙa ɗura mata giris ta wani ɗan bututu. An yi su ne domin wanda zai goge su ya shafa musu mai duk lokacin da suka shiga ruwa. Sule ya san haka tun cikin watan farko. Na ce masa ya hana wankin.

Ya ce, "Yaya, mutumin da ya binne ubansa ɗazu, ya tuɓe riga ya shiga ruwa yana wanke maka mota, ni in ce masa ya bari? Da wane bakin?"

Na ce, "Ka ce su wanke sama su bar ƙasa."

"Na faɗa. Suka ce kunya ce take sa ni. Sai ma suka ƙara dirza."

Yana dawowa ya shafa giris in akwai. Amma yashin rafi ya riga ya shiga kwarmin, giris kuma ya riƙe shi a ciki, ya zama kamar dutsen niƙa. Kafin ƙarshen damina motar ta fara kuka. Tun daga kwanar gidanmu ake jin ta tana ƙiiƙii kamar ƙofar langa-langa. Ɗanladi, bakaniken da yake duba mana ita a bakin tasha, ya ce bushin ne da boljoyin, kuma ba irin waɗanda ake samu a Birnin Kudu ba ne. Sai Kano, a Kanon ma sai shagon da aka sayo su. Aka je aka sayo. In an canza gefe ɗaya dole a canza ɗayan. In an canza, dole a sake saita ƙafafun, shi ma sai Kano, domin mai saitin da ke kusa da mu ma'aunin motar kamfani kaɗai ya sani. In an yi jinkirin saiti, tayoyin gaba su cinye ta ciki, waje yana nan sabo fil, ciki waya ta fito. Kowace tafiya Kano kuma ranar kasuwa ce da aka rasa. A shekara ta biyu aka maimaita duk wannan, kaya kuma sun ƙara tsada. Maganar raba riba ta mutu da kanta ba tare da wani ya ce a daina ba. Daga nan fanshona ya fara shiga. Riɗin da na noma a shekarar bai kwana a rumbu ba, daga gona ya wuce ƙarƙashin mota.

Mahaifiyarku ba mai yawan magana ba ce, amma wata rana tana kwashe tuwo ta ce:

"Malam, in zuba wa Raƙumi nasa ne a kwano, ko zai ci a tukunya yadda ya saba?"

Na ce, "Rabi, aikin lada yake yi."

Ta ce, "Ban ce ba lada ba. Ladan na can ƙetare, cefanen yana fita daga nan. Wancan watan ba a biya wa Bilkisu na makaranta a kan lokaci ba, ka sani."

Na sani. Amma ba wannan ne ya sa na sauke motar ba, ko da yake a gidan Baffanku haka ake faɗa, wai na ga kuɗi yana fita na ji zafi. Na ji zafi, ba na musu. Da zafin kuɗi ne kaɗai, da na ci gaba da biya ina ƙorafi kamar yadda na yi shekara biyu ina yi.

A shekara ta uku, wajen ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa, Sule ya je Kano neman boljoyin ya tarar mai shagon ya daina kawo irinsu. Ya ce kuɗin waje ya tashi, masu saye kuma ba su da yawa. Ya tura shi wani wuri, can ma aka tura shi wani wuri, ya dawo hannu wofi. Aka ce akwai sabbin hannaye gaba ɗaya na wani maƙerin dabam, amma sai an aiko da su daga Legas, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin abin da nake da shi ko zan iya samu kafin ruwa ya sauka. Ranar da Ɗanladi ya ɗaga motar a kan jak ina wurin. Ya kama tayar hagu sama da ƙasa ya girgiza. Tayar ta amsa masa, ƙwas, ƙwas, tana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya kira ni na sa yatsa a bakin hannun, ya sake girgizawa, na ji dunƙulen yana tashi yana komawa a cikin kwarminsa.

Sule ya ce, "Ka nemo na wata mota ka buga a ciki, a ɗan taɓa shi da walda. Damina ɗaya kawai nake so."

Ɗanladi ya ce, "In ka ce in buga, zan buga, motarku ce. Amma ranar da za ka tsallaka rafi ka faɗa mini, in tafi Basirka ziyara, kada a neme ni."

"Kai dai matsoraci ne. Wa ya taɓa mutuwa don walda?"

"Masu ba da labarin dai ba su dawo ba."

Na tambayi Ɗanladi abin da zai faru in dunƙulen ya fita mota tana tafiya. Na san amsar, amma ina so Sule ya ji daga bakin wani. Ya ce ƙafar za ta kwanta ta sama, sitiyari ya zama ba shi da amfani, motar ta bi inda ta ga dama. A kan kwalta da gudu, juyawa za ta yi. A cikin ruwa kuwa tsayawa za ta yi a tsakiya, gefe ɗaya a nutse, igiyar ruwa tana dukanta. Ni abin da na gani a raina shi ne bayan motar ranar kasuwar Gwaram, mata da kwanuka a kan buhuna, ƙafafu suna lilo. Na ce a je gida a ɗauko hannayen da ke ƙofar garken awaki, a sa musu sababbin boljoyin na kamfani, waɗanda ake samu a kowane shago, a cire dogayen shokazoba, a mayar da motar yadda aka ƙera ta.

Sule ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Yaya, damina ce fa a bakin ƙofa. Inna tana ƙetare."

Na ce, "Na tuna da Inna. Za mu ɗauko ta ta yi damina a nan."

"Ka san ba za ta zo ba."

"Za ta zo."

"To sauran mutanen fa? Su ma a ɗakinka za su yi damina?"

Na ce masa motar sunana ne a takardunta, in ta kashe mutane ni za a tambaya a nan, ni za a tambaya a can. Wannan ne karo na farko da na ambaci cewa motar tawa ce tun ranar da muka yi magana a gaban Inna. Ya dube ni, ya ce to, mai mota ya yi magana. Kafin la'asar Raƙumi ya durƙusa.

Washegari na je ƙauye da kaina. Na tarar da Inna tana tsince wake a faifai. Na yi mata bayani dalla-dalla, har na ce mahaifiyarku ta share mata ɗaki ta sa sabon labule.

Ta ce, "Ka gaishe da Rabi, Allah ya yi mata albarka. Awakin nan ita za ta zo ta kiwata?"

Na ce, "A tafi da su."

"Kabarin ubanku ma a tafi da shi? Ni fa tun kafin a haife ka nake damina a ɗakin nan. Ba mota, ba Raƙumi, ba ɗan akwatin magana. In kwana ya ƙare, ko a bakin asibiti nake zaune sai ya ƙare."

"Inna, hawan jinin nan da aka ce kina da shi—"

"Ina shan ƙwayar. Tashi ka tafi kafin hadarin can ya riga ka rafi."

Na koma sau da dama, Sule ma ya je, har Rabi ta je ta kwana tana lallashi. Ba ta zo ba.

A tsakiyar damina, wata Talata, aka kwana ana ruwa aka wuni ana yayyafi. Ana kiran azahar wani maƙwabcinta ya bugo waya ya ce Inna ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya karkace, ba ta magana. Sule ne ya tuƙa, ina gefensa. Da muka isa rafin ya kawo, ja wur, yana tafe da kara da rassan itace. Sule ya fita ya nufi kanyar. Ni ma na bi shi, domin ina so in gani da idona. Ruwan bai kai alamar ba. Tsakaninsa da ita akwai kamar faɗin tafin hannu. Ga motar da aka ɗaga, ruwan tsallakawa ne. Ga motar da muke da ita a ranar, ba hanya. Sule ya ɗora hannunsa a kan saran addar, bai dube ni ba, ya tuɓe rigarsa ya shiga ruwa.

Sai da ya yi tafiyar ƙasa har ƙauye, aka cire ƙyauren ɗaki aka ɗora ta a kai, aka nemo mazan da za su iya da ruwa, aka ɗauko ta a kafaɗa cikin taɓo. Ina tsaye a wannan gefen ina kallon su suna tsallakowa, ruwa a ƙugunsu, suna ɗaga ƙyauren sama da kai. La'asar ta wuce kafin a sa ta a bayan mota. Sule ya ce ba zai iya tuƙi ba, ya zauna a baya ya ɗora kanta a cinyarsa, ni na kama sitiyari. Ba mu kai Gwaram ba na ji ya buga rufin mota da tafin hannu. Na tsaya. Ya ce in juya.

Yanzu ga abin da na sani da abin da ban sani ba. Na san da motar tana a ɗage, kuma da ƙafar ta riƙe, da mun isa ƙofar ɗakinta tun kafin a gama sallar azahar a wasu masallatan, da kuma ta isa asibiti da ranta. Ban sani ba ko da ta tashi. Ba wani likita da ya gan ta, ba wanda zai iya faɗa. Na kuma san halin da boljoyin na hagu yake ciki, domin bayan an cire shi Ɗanladi ya ɗan taɓa shi da guduma sau ɗaya, dunƙulen ya faɗo ƙasa. Ban sani ba ko da walda ta riƙe shi har tsakiyar damina, ko ta riƙe shi a cikin ruwan ranar. Kwanan Inna ya ƙare a inda Allah ya rubuta, wannan ba mai ja. Amma mutane ba a kan wannan suke magana ba in sun nuna 'yata da baki, shi ya sa na kawo muku sauran.

Bayan sadakar bakwai Sule ya same ni a zaure ya ajiye makullin mota a kan tabarma. Ya ce ya sami aikin tuƙi a Kano, zai kwashe iyalinsa bayan kaka. Bai ɗaga murya ba, bai zarge ni da komai ba, har yau kuma bai taɓa yi ba. Muna gaisawa da salla, yana zuwa in an yi rasuwa, ya zauna inda baƙi suke zama. Motar na ba wani direba, ta yi shekaru tana aiki a sauke, ba ta sake kuka ba, gyaranta kuma bai sake hana kowa cin tuwo ba. Da damina tana tsayawa a bakin kanya. Mutanen ƙetare suka koma ɗauko marasa lafiyarsu a kan ƙyaure, kuma na san ba Inna ce ta ƙarshe da ta cika a hanya ba. Ba su daina gaishe ni ba, amma ba wanda ya sake kawo kaza.

Jajayen hannayen suna nan rataye a ɗakin ajiya, bayan buhunan taki. Duk wanda yake so a cikinku ya je ya sa yatsa a kwarmin na hagu, ya ji yadda yashi ya cinye shi. Amma kada ku ɗauke shi ku kai Kano don ku ci gardama da 'ya'yan Baffanku. Ni na riga na gwada. Ranar da ya kawo makullin, na tashi na ɗauko hannun da dunƙulensa na ajiye a gabansa, na ce ya duba da kansa, ya ga abin da zai shiga ruwa da shi.

Bai taɓa shi ba. Ya ce, "Yaya, mayar da shi. Ni nake tuƙa ta, a tafin hannuna nake jin sa tun kafin Ɗanladi ya ɗaga ta. Na san yadda yake."

Na ce, "Ka sani, kuma da ka shiga?"

Ya ce, "Da na shiga."

Ya sa takalmansa ya fita.